Darasi daga Mai Wurno: Mai saye ya dawo gobe, ita ce riba

Duk ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Birnin Ƙonni, ya san cewa da zarar mutum ya tsallake iyaka ya zama baƙo, kuma baƙo ba ya da wani jari da ya wuce sunansa. Wannan ne ya sa a wannan makon muka ga ya dace mu leƙa wajen 'yan'uwanmu na ƙasar Sudan, waɗanda suka shafe fiye da shekara 100 suna neman abinci a tsakanin mutanen da ba harshensu ɗaya ba, domin mu ga abin da za mu koya game da riƙon mai saye.

Ga wanda bai sani ba, Mai Wurno gari ne da ke kudu da birnin Sinnar, a bakin reshen kogin Nilu da ke gangarowa daga Habasha. Ya samo sunansa ne daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Bayan da Turawan Ingila suka kashe Attahiru a yaƙin Burmi a shekarar 1903, ɗan nasa ya ci gaba da hijira gabas da sauran jama'a, har suka yada zango a wannan wuri. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai mutanenmu suka ƙara yawa, wasunsu alhazai ne da suka tsaya neman guzuri. Wasu suka kama noma, wasu su, wasu kuma ƙananan sana'o'i.

A cikin waɗannan sana'o'i babu wadda ta yi suna kamar agashe. Tsire ne irin namu, a yanka nama fale-fale, a barbaɗa masa garin gyaɗa da yaji, a gasa, a haɗa da albasa da lemon tsami. Sunan ma Hausa ne, kuma Larabawan Sudan sun karɓe shi yadda yake, daga Wad Madani har Khartoum. Abin tambaya a nan shi ne, ta yaya abincin baƙi ya shiga bakin 'yan gari haka? Ba da talla a rediyo ba ne. Mai agashe yana gashinsa ne a gaban idon mai saye, babu abin da ke ɓoye. Mai saye yana ganin naman, yana nuna wanda yake so, a miƙa masa da zafinsa. Idan ya ji daɗi, gobe ya dawo da abokinsa. Wannan shi ne darasi na farko: kayan da za ka iya buɗewa a gaban mai saye, su ne kayan da za su daɗe suna ciyar da kai.

To sai mu tambayi kanmu, nawa daga cikinmu za su yarda a zazzage buhun wakensu har ƙasa kafin a biya? Mu kanmu mun taɓa sayen buhun gero a wata kasuwar bakin iyaka, saman tas, amma da aka je gida aka juye sai ga tsakuwa da ƙaiƙayi kusan tiya biyu. Da muka koma, maimakon mai kayan ya ba da haƙuri, sai ya ɗaure fuska ya ce bai san mu ba. Ya ci ribar tiya biyu, amma shekara da shekaru ke nan ba mu sake tsayawa a rumfarsa ba, kuma duk wanda ya tambaye mu sai mun nuna masa wata rumfar. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

Darasi na biyu ya shafi bashi. A karkarar Sudan akwai wata tsohuwar hulɗa da ake kira shel, inda ɗan kasuwa zai ba manomi kuɗi ko kayan masarufi da damina lokacin da rumbu ya ƙare, bisa sharaɗin zai biya da dawa ko riɗi da kaka, a kan farashin da aka karya tun amfanin bai nuna ba. Manomi yana karɓa ne don ba shi da zaɓi, amma ba ya mantawa. Ranar da ya sami wata ƙofa, ba zai waiwayi wancan shagon ba. Sai a kwatanta da mai shagon da ke da littafin bashi, ya rubuta sukari da mai a kan farashin ranar, ya jira kaka ba tare da ƙari ba, kuma ba ya tona asirin magidanci a gaban jama'a. Dukansu bashi suka bayar, amma ɗaya ya sayi abokin ciniki, ɗaya ya sayi maƙiyi.

Darasi na uku shi ne mafi nauyi, domin a lokacin tsanani ake gane hali. A ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. A Disambar wannan shekara Wad Madani ta faɗa hannun RSF, jama'a suka kwarara kudu zuwa jihar Sinnar. A ƙarshen Yunin 2024 Sinja, babban birnin jihar, ita ma ta faɗi, kafin sojoji su ƙwato ta a Nuwamba, sannan Wad Madani a Janairun 2025. A tsawon wannan lokaci takardar kuɗi ta yi wuya, ciniki ya koma ta waya, musamman ta manhajar Bankak ta Bankin Khartoum. Wasu masu tsabar kuɗi suka mai da abin sana'a, sai ka tura musu ta waya su zaftare wani kaso kafin su ba ka a hannu. A gefe guda kuma aka ga ɗakunan girki na unguwa da ake kira takiyya, inda masu hali da marasa hali ke haɗa abin da ya sawwaƙa a ciyar da wanda ya rasa.

Mai karatu ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani, domin mun ɗanɗana irin wannan a farkon 2023 lokacin ƙarancin Naira, da kuma rufe iyakar Najeriya da Nijar bayan juyin mulkin Yulin wannan shekara. Kowa ya san mai POS ɗin da ya yanke shi, ya kuma san mai shagon da ya ce ɗauki, in ka samu ka kawo. Tsanani ya wuce, amma mutane suna riƙe da lissafinsu.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa 'yan kasuwa da a riƙe ƙananan abubuwan da ba sa cin ko kwabo. A amsa sallama da sakin fuska, domin shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Idan an yi tayin da bai kai ba, a ce albarka cikin mutunci, ba a hantari mutum ba. A cika mudu, a yi gyara. Idan kaya na da aibi a faɗa kafin a karɓi kuɗi. Baƙon da bai iya lissafin Sefa da Naira ba, a ba shi canjinsa cif, domin gobe kai ne baƙo a garinsu. Iyayengida kuma su sa ido a kan yaran shago, don sau da yawa yaro mai latsa waya mai saye na tsaye shi ke korar cinikin da maigida ya shekara 20 yana tarawa.

Allah Ya kawo wa 'yan'uwanmu na Sudan zaman lafiya, mu kuma Ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.