Koya Wa Kwamfuta Wasan Tambaya Da Amsa

Kowa ya san kacici-kacici. Wani ya yi tambaya, wani ya ba da amsa. In amsa ta gagare shi, sai ya ba da gari a gaya masa. To, ana iya koya wa kwamfuta irin wannan wasa. Ba kuwa abin yara kaɗai ba ne. Tun 2015 a kwamfuta ake yin jarrabawar JAMB. 'Ya'yanmu na Samaru da Sabon Gari masu neman shiga Jami'ar Ahmadu Bello da ita suke karawa. Ya kamata mu iyaye mu san yadda abin yake.

Da fari mu sani kwamfuta ba ta san kome ba. Abin da aka umurce ta shi take yi, bi da bi. Ana rubuta umurnin nan da harshe na musamman. Akwai Python, wanda Guido van Rossum, mutumin Holan, ya fitar a 1991. Akwai kuma Scratch, wanda aka yi a Amurka domin yara.

Sai mu tsara tambayoyinmu, kowace da amsarta, mu ajiye mata. Sa'an nan mu ce: nuna tambaya ta fari. Jira mutum ya rubuta amsa. Gwada tasa da wadda aka ajiye. In sun yi daidai, ƙara masa maki ɗaya. In ba su yi ba, nuna masa amsar gaskiya. Wuce ta gaba. In tambayoyi sun ƙare, faɗi jimlar makinsa. Jikin wasan ke nan duka.

Ga misali. A wace shekara aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello? Amsa, 1962. Wannan ba wuya, gama lamba ba ta da fuska biyu.

Amma a ce mun tambaya, a wane gari jami'ar take? Mu kuwa mun ajiye "Zariya". Wani ya rubuta "Zaria". Wani ya ce "Zazzau". Wani ya ce "Samaru", shi ma ai bai yi ƙarya ba. Malamin aji zai karɓa duka. Kwamfuta fa? Sai ta kāda su ukun nan. Ba ma'ana take dubawa ba, haruffa take gwadawa ɗaya ɗaya. A wurinta "kofa" dabam, "ƙofa" dabam, ga shi kuwa ba kowace waya ke da haruffanmu masu lanƙwasa a shirye ba. Har babban baƙi da ƙarami ma dabam take ɗaukarsu, sai an hana ta.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dattijon da ya yi wata uku yana fama da karatu, ya ba da amsa daidai, na'ura ta ce ya fāɗi, wataƙila gobe ba mu gan shi a aji ba.

Magani iri biyu ne. Ko dai mu ajiye mata dukan amsoshin da za a karɓa, ko kuwa mu jera amsa huɗu, A, B, C, D, mutum ya zaɓi ɗaya. Na biyun nan JAMB take bi. Mu dai a aji mun fi son na fari, domin yana sa hannu ya saba da rubutu. Mai zaɓe yana iya canka ya dace.

Ko ba kwamfuta ana iya gwadawa. A yanka kwali goma, tambaya a gaba, amsa a baya. Mutum ɗaya ya zama kwamfuta, kada ya karɓi amsa sai wadda ta yi daidai da ta bayan kwali, harafi da harafi. Wani ya riƙe alli yana rubuta maki a allo.