Manhajar tebur

Manhajar tebur ita ce manhajar da ake girkawa a kan kwamfuta, ta tebur ko ta tafi-da-gidanka, wadda ke aiki kai tsaye a ƙarƙashin babbar manhajar kwamfutar, wato Windows, macOS ko Linux. Yawanci tana bayyana ne a cikin taga mai ɗauke da maɓallai, jerin zaɓi da akwatunan rubutu, mai amfani kuma yana sarrafa ta da linzamin kwamfuta da allon rubutu. Microsoft Word, LibreOffice, VLC da GIMP duk misalanta ne. Ta bambanta da manhajar yanar gizo, wadda ake buɗewa a cikin burauza, da kuma manhajar wayar salula.

Gina manhajar tebur na daga cikin abubuwan da masu koyon gina manhaja ke fara sha'awa da zarar sun iya rubuta ƙananan shirye-shirye. Sai dai tsarinta ya sha bamban da na waɗancan shirye-shiryen. A ƙaramin shiri, kwamfuta tana bin umarni ɗaya bayan ɗaya daga sama zuwa ƙasa har ta gama. A manhajar tebur kuwa, mai amfani ne ke ƙayyade abin da zai biyo baya, ita manhajar jira take yi ta amsa. Yawancin matsalolin da ɗan koyo ke cin karo da su daga wannan bambanci suke tasowa.

Tarihi

A ranar 9 ga Disamba 1968, Douglas Engelbart ya nuna linzamin kwamfuta a bainar jama'a a wani taro da aka yi a San Francisco, Amurka. A 1973, cibiyar bincike ta Xerox PARC da ke Palo Alto ta ƙera kwamfutar Alto, wadda ke amfani da linzami da fuska mai hotuna. Kamfanin Xerox ya fitar da Star a 1981, inda aka siffanta fuskar kwamfuta da teburin ofis mai takardu da jakunkuna. Apple ya fitar da Lisa a 1983 da Macintosh a 1984, Microsoft kuma ya fitar da Windows 1.0 a watan Nuwamba 1985. A ɓangaren Unix, tsarin X Window ya samo asali daga jami'ar MIT a 1984.

A wancan lokacin gina taga guda ɗaya kan buƙaci dogon rubutu, galibi da yaren C ko Pascal. Wannan ne ya haifar da akwatunan kayan aiki, wato tarin maɓallai, tagogi da akwatuna da aka riga aka shirya domin magini ya ɗauka ya harhaɗa. John Ousterhout ya fitar da Tk a 1991 a matsayin ƙari ga yarensa na Tcl. A shekarar ne kuma Microsoft ya fitar da Visual Basic, wanda ya ba mutum damar jan maɓalli da linzami ya ajiye shi a kan taga, sannan ya rubuta abin da zai faru idan aka danna shi. Julian Smart ya fara wxWidgets a 1992 a Jami'ar Edinburgh. A 1995 kamfanin Borland ya fitar da Delphi, Haavard Nord da Eirik Chambe-Eng kuma suka fitar da Qt a ƙasar Norway. GTK ya fito ne daga aikin manhajar zane ta GIMP, kafin ya zama tushen GNOME. Microsoft ya kawo Windows Forms a 2002 da WPF a 2006. A 2013 GitHub ya fara aikin da aka sa wa suna Electron a 2015, wanda ya ba da damar gina manhajar tebur da yarukan yanar gizo.

Yadda take aiki

Ginshiƙin kowace manhajar tebur shi ne zagayen sauraro. Duk lokacin da mai amfani ya motsa linzami, ya danna maɓalli, ya buga harafi ko ya ja gefen taga, babbar manhaja takan rubuta abin a matsayin aukuwa, ta jefa shi cikin layin jira na manhajar da abin ya shafa. Zagayen sauraro yana ɗaukar aukuwar da ke gaba a layi, ya miƙa ta ga aikin da aka tanada domin amsa ta, ya jira aikin ya gama, sannan ya ɗauki ta gaba. Haka yake ci gaba har a rufe tagar.

Saboda haka aikin magini kashi uku ne. Na farko, ya ƙirƙiri taga da abubuwan da ke cikinta. Na biyu, ya rubuta ƙananan ayyuka, ya ɗaure kowanne da aukuwar da zai amsa, misali aikin adana fayil da maɓallin "Adana". Na uku, ya tayar da zagayen sauraro. A Tkinter, wato hanyar da yaren Python ke amfani da Tk, umarnin mainloop ne ke tayar da shi; a Qt kuma umarnin exec. Idan aka manta wannan layi, shirin zai kai ƙarshensa nan take, tagar ta ɓace ko ma ta ƙi bayyana. Duk umarnin da aka rubuta a ƙasan layin kuma ba zai gudana ba sai an rufe tagar.

Wajen jera abubuwa a kan taga, ɗan koyo kan so ya ba kowane maɓalli wuri da girma tabbatacce. Wannan yana lalacewa da zarar an faɗaɗa tagar, ko an buɗe ta a fuska mai wani girma, ko an fassara rubutun zuwa harshen da kalmominsa suka fi tsawo. Shi ya sa akwatunan kayan aiki ke zuwa da masu tsara wuri, waɗanda ake gaya wa dangantakar abubuwa kawai, wannan a ƙarƙashin wancan, wancan ya cike sauran fili, su kuma su lissafa girman. Tkinter na da pack da grid, kuma ba a haɗa su biyun a cikin mazubi guda.

Daskarewar taga

Tambayar da ta fi yawa a bakin masu koyo ita ce me ya sa taga ke daskarewa idan manhaja na aiki. Dalilin shi ne zagayen sauraro aiki ɗaya yake yi a lokaci guda, kuma sake zana tagar ma aukuwa ce da ke jira a layi. Idan aikin da aka ɗaure da maɓalli ya ɗauki daƙiƙa ashirin yana sauke fayil daga intanet, to duk tsawon lokacin babu mai ɗaukar komai daga layin. Tagar ba za ta motsa ba, maɓallai ba za su amsa ba, ma'aunin da ke nuna ci gaban aiki ma zai tsaya cik. Windows kan ɗauki taga a matsayin wadda ta daina amsawa idan ta yi kimanin daƙiƙa 5 ba ta karɓi saƙo daga layinta ba.

Hanyoyin magance wannan guda biyu ne. Idan aikin jira ne kawai ko maimaitawa, kamar agogon da ke sauyawa kowace daƙiƙa, sai a yi amfani da mai ƙidayar lokaci na akwatin kayan aikin, kamar after a Tkinter ko QTimer a Qt, maimakon a sa shirin ya yi barci. Idan kuma aiki ne mai nauyi, sai a tura shi wani zare daban, wato wata hanyar gudanar da umarni da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da ta farko. A nan akwai ƙa'ida mai muhimmanci: a yawancin akwatunan kayan aiki, zaren farko kaɗai ke da izinin taɓa taga. Zaren da ke aiki a bayan fage sai dai ya aika sakamakonsa, zaren farko ya nuna shi. Karya wannan ƙa'ida kan jawo manhaja ta riƙa mutuwa jefi-jefi ba tare da wani dalili bayyananne ba, kuma irin wannan kuskure yana da wuyar ganowa.

Zaɓen yare da kayan aiki

Babu yare guda da ya dace da kowane aiki. Zaɓin ya danganta ne da yaren da mutum ya riga ya iya, da kwamfutocin da yake son manhajar ta yi aiki a kansu.

Python da Tkinter: Tkinter na zuwa tare da Python a Windows, ko da yake a Ubuntu da Debian sai an girka shi daban. Ya dace da ƙananan manhajoji da koyo.

Qt: an rubuta shi da C++, ana kuma amfani da shi a Python ta hanyar PyQt ko PySide. Yana aiki a Windows, macOS da Linux. PyQt na ƙarƙashin lasisin GPL ko lasisin kuɗi, PySide kuwa na ƙarƙashin LGPL, bambancin da ke da tasiri ga mai son sayar da manhajarsa ba tare da buɗe rubutunta ba.

C# da Windows Forms ko WPF: na Windows ne kaɗai, amma suna da sauƙin farawa a cikin Visual Studio.

Java da Swing ko JavaFX: Swing na cikin Java tun ƙarshen shekarun 1990. An cire JavaFX daga cikin JDK tun siga ta 11 a 2018, don haka sai an ƙara shi daban.

Electron: yana haɗa injin burauzar Chromium da Node.js, ana rubuta manhajar da HTML, CSS da JavaScript. Da shi aka gina Visual Studio Code da Discord. Kowace manhaja tana tafe da nata kwafin burauzar, shi ya sa take da nauyin saukewa da cin ma'adana. Tauri, wanda sigarsa ta farko ta fito a 2022, yana rage wannan nauyi ta hanyar amfani da injin burauzar da ke cikin babbar manhaja.

Adana bayanai da rarrabawa

Abin da ke cikin manhaja yana ɓacewa idan aka rufe ta, sai in an rubuta shi a fayil. Ga ƙananan saituna, fayil ɗin rubutu ya isa. Ga bayanai masu yawa, kamar rajistar ɗalibai ko lissafin kayan shago, an fi amfani da SQLite, wanda D. Richard Hipp ya fitar a 2000. Yana adana dukkan rumbun bayanai a fayil guda, ba ya buƙatar intanet, kuma an tsara shi yadda ko wuta ta ɗauke a tsakiyar rubutu, canjin ko dai ya shiga gaba ɗaya ko kuma bai shiga ba sam.

Manhajar da ke aiki a kwamfutar magininta ba lallai ta yi aiki a ta wani ba, domin ta wani ba ta da yaren da laburaren da aka dogara da su. Kayan aiki irin su PyInstaller suna tattara shirin Python da duk abin da yake buƙata wuri guda. PyInstaller ba ya gina wa wata babbar manhaja: na Windows sai a kan Windows, na macOS sai a kan macOS. Bayan haka, Windows da macOS kan nuna gargaɗi, ko su hana buɗe manhajar da ba ta ɗauke da sa hannun magininta na lantarki.

Haruffan Hausa a manhajar tebur

Mai gina manhaja da Hausa yana fuskantar wasu matsaloli na musamman. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, ba sa cikin alamomi 128 na ASCII, ba sa kuma cikin tsohon tsarin Windows-1252. Unicode ya ba kowanne lamba: ɓ ita ce U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199, ƴ kuma U+01B4, kuma a tsarin UTF-8 kowanne yana cin bayit biyu. Idan shiri ya buɗe fayil a Windows ba tare da an fayyace masa UTF-8 ba, yana iya komawa tsohon tsarin, rubutun ya gurɓace ko shirin ya tsaya da saƙon kuskure. Haka kuma idan salon rubutun da aka zaɓa ba shi da waɗannan haruffa, za su iya fitowa a matsayin akwatuna marasa komai, ko da siffar da ta saba wa sauran.

Jera kalmomi bisa abacada ma na buƙatar kula. Idan aka bar kwamfuta ta jera bisa lambobin Unicode, "ɓera" zai zo bayan "zomo", "ƙasa" kuma ya riga "ɗaki". Laburaren ICU, da ke amfani da bayanan CLDR, yana da ƙa'idar jeri ta Hausa wadda ke sa ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k. A SQLite kuma, binciken da ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami ya taƙaita ne ga haruffan ASCII, don haka neman "ƙasa" ba zai kawo "Ƙasa" ba sai an yi wani tanadi. Akwai kuma bambancin ƙa'idar rubutu: a Nijar ana rubuta ƴ, a Najeriya kuma 'y, don haka akwatin bincike ya kamata ya ɗauki "ƴaƴa" da "'ya'ya" a matsayin kalma ɗaya.

Rubutun ajami yana tafiya daga dama zuwa hagu, kuma siffar harafi na sauyawa gwargwadon matsayinsa a kalma. Qt da GTK suna amfani da laburaren HarfBuzz wajen haɗa irin waɗannan haruffa, suna kuma iya juya tsarin taga gaba ɗaya zuwa dama. Domin sauƙaƙa fassara, ana raba rubutun da mai amfani ke gani daga umarnin shirin, a ajiye shi a fayiloli na daban ta hanyar gettext ko Qt Linguist. Lambar harshen Hausa a waɗannan tsare-tsare ita ce "ha".

Matsayinta a yau

Ayyuka da dama da a da ake yi da manhajar tebur sun koma burauza da wayar salula. Duk da haka ana ci gaba da dogaro da ita a ayyuka masu nauyi kamar tace bidiyo da sauti, zanen gine-gine da gina manhaja, da ayyukan da ke buƙatar magana kai tsaye da na'urori kamar firinta. Tana da amfani kuma a makarantu, shaguna da ofisoshin da intanet ke yawan yankewa ko data ke da tsada, tun da bayanan suna zaune ne a kan kwamfutar mai su.