Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa kafin taɓin hankali ya fito fili

Nau'in taɓin hankalin da likitoci ke kira saikosis, wato yanayin da mutum ke jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko ya kafe a kan zaton da ba shi da tushe, yakan fara bayyana ne daga ƙarshen shekarun balaga zuwa wajen shekara 30. Dangi kan ɗauka cewa ciwon ya faɗo ne rana ɗaya, alhali bincike ya nuna cewa raunin tunani yakan riga sambatu zuwa da shekaru. A garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan, an bi rayuwar yara 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973, sai aka tarar cewa waɗanda daga baya suka kamu da sikizofiriniya, mafi tsananin cututtukan wannan rukuni, tun suna firamare suke baya ga tsararsu wajen mai da hankali, saurin fahimta, da riƙe bayani a zuci yayin aiki da shi.

Shaida daga jikin ƙwaƙwalwar kanta ta fito a 1976, lokacin da Eve Johnstone da Tim Crow, a asibitin Northwick Park na Landan, suka ɗauki hoton kan masu fama da sikizofiriniya, suka ga kogunan ruwan da ke tsakiyar ƙwaƙwalwarsu sun fi na masu lafiya faɗi. Hotunan MRI na baya sun nuna cewa tun a karon farko na ciwon, hifokamfus, sashen da ke adana sabon abin da aka koya, yakan ɗan ƙanƙance, ɓawon gaban ƙwaƙwalwa mai kula da tsara aiki da yanke shawara kuma yakan sirance. Wani bayani mai ƙarfi kan wannan sirancewa, wanda Irwin Feinberg ya gabatar a 1982, shi ne cewa a lokacin balaga ƙwaƙwalwa kan rage mahaɗun jijiyoyinta, kamar yadda manomi ke yi wa gero cira, amma a wasu mutane ragin kan wuce kima; binciken ƙwayar gado mai suna C4 a 2016 ya ƙarfafa wannan ra'ayi.

Sai dai bambancin da ake gani a hotunan ƙwaƙwalwa na matsakaicin rukuni ne, kuma ƙanƙani ne, har ba a iya duba hoton mutum ɗaya a ce yana da ciwon. Gwajin tunani ya fi hoton amfani ga majinyaci, domin ƙarfin tunanin ne ya fi nuna ko zai koma makaranta ko sana'a. Magungunan da ke toshe tasirin sinadarin dofamin suna kwantar da muryoyi, amma ba su cika gyara mantuwa da raunin mai da hankali ba, shi ya sa cibiyoyin kula da matasa tun farkon ciwo, irin wadda Patrick McGorry ya kafa a Melbon a 1992, suke haɗa magani da tallafin komawa karatu da aiki.