Haƙuri, Natsuwa da Tausaya wa Kai a Lokacin Ƙunci

A littafin da A.H.M. Kirk-Greene ya fitar a 1974 game da mutumin kirki a idon Bahaushe, ya lissafa halaye goma, haƙuri kuwa yana cikinsu. Ba abin mamaki ba ne, domin duk wanda aka yi wa rasuwa ko gobara, kalmar farko da zai ji ita ce "sai haƙuri". Sai dai abin tambaya shi ne, yaya ake yin haƙurin bayan 'yan gaisuwa sun watse, mutum ya saura shi da zuciyarsa? Wannan maƙala za ta duba amsar da wasu masana biyu na Amurka suka bayar.

Na farko shi ne Jon Kabat-Zinn, wanda a 1979 ya buɗe wani sashe a asibitin Jami'ar Massachusetts domin majinyatan da ciwo ya ƙi barinsu. Ya tsara musu horo na mako takwas, wanda tushensa ke cikin ibadar mabiya Budda, amma ya raba shi da addini. Ana umartar mutum ya zauna kamar minti 45 kowace rana yana lura da shiga da fitar numfashinsa. In tunani ya ɗauke shi, sai ya komo ga numfashin ba tare da tsangwamar kansa ba. Hikimar ita ce, zafin rai kashi biyu ne: akwai abin da ya auku, akwai kuma saƙar zuci da ke biye da shi, watau "da na sani" da fargabar gobe. Natsuwa ba ta kawar da na farko, amma tana rage na biyu.

Ta biyu ita ce Kristin Neff ta Jami'ar Texas, wadda a 2003 ta bayyana tausaya wa kai da rukunai uku: sassauta wa kai, da tuna cewa wahala rabon kowane ɗan Adam ne, da duban ciwo yadda yake ba ƙari ba ragi.

Rukuni na biyu ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Zaman makoki kansa tunatarwa ce cewa abin da ya sami mutum ya sami waninsa. Inda ake samun saɓani shi ne na farko da na uku, domin sau da yawa akan ɗauki haƙuri a matsayin haɗiye abu a yi shiru. Alal misali, uwar da kunya ta hana ta ambaton sunan ɗanta na fari, in ya rasu, kunyar nan kan hana ta nuna iyakar baƙin cikinta, sai a yaba mata, alhali abin yana cin ta a ciki. Haka ɗalibin da ya faɗi jarrabawa yakan kira kansa da sunayen da ba zai taɓa kiran abokinsa da su ba, ga shi kuwa shi ne gwanin ba wasu baki.

Wasu za su ce sassauta wa kai ƙofar lalaci ce. Wannan suka tana da rauni, saboda wanda ke tsoron bulalar zuciyarsa yakan ɓoye kuskurensa ne, mai sassauci kuwa yakan iya dubansa ya gyara. Amma fa in ƙunci ya kai ga hana barci da cin abinci makonni a jere, ko mutum ya fara tunanin halaka kansa, to lura da numfashi bai wadatar ba, wajibi ne a garzaya ga likita.