Tsohuwar motar tsere ta Italiya a Kano: Sayenta ba wuya, riƙonta ne aiki

Duk wanda ya tsaya a bakin Titin Zariya, daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa lungunan Babban Giji da ke ƙaramar hukumar Tarauni, abin da zai fi gani shi ne Toyota da Honda da Adaidaita Sahu. Da wuya ya ci karo da mota mai ƙofa biyu ƙirar Italiya, irin Alfa Romeo GTV da ta fito a tsakiyar shekarun 1990, ko Fiat Coupé da aka ƙera daga 1993 zuwa 2000.

Ba wai Kano ba ta san ƙarfen Italiya ba ne. A kan wannan titi na Zariya kamfanin NTM ya taɓa harhaɗa manyan motocin Fiat. Sai dai ƙananan motocin ƙasar ba su samu karɓuwar da Fijo ta samu ba, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975.

Babbar matsalar mai irin wannan mota ita ce kayan gyara. Mai Corolla zai shiga kasuwar Ƙofar Ruwa da hantsi ya fito da abin da yake nema kafin azahar. Mai Alfa kuwa sau da yawa sai ya aika kasuwar Ladipo ta Legas, ko ya yi oda daga Turai ta intanet, ya biya da kuɗin waje, motar kuma tana zaune a gareji.

Sai kuma batun bakanike. Injin Twin Spark na Alfa yana da fulogi biyu a kowace silinda, wato takwas maimakon huɗun da aka saba gani. Tayimin bel ɗinsa kuma ana so a sauya shi kusan duk bayan kilomita 60,000 ko shekara uku. Idan ya tsinke ana cikin tafiya, bawul-bawul sukan lanƙwashe, sai an sauke inji, kuɗin gyaran ma yana iya kusantar kuɗin motar.

Yanayin gari ma bai bar ta ba. Motar gajeriya ce, cikinta na gogar kunyoyin rage gudu da ramukan cikin unguwa, musamman da damina. Ƙurar hunturu na toshe matatar iska, zafin Afrilu da kan haura digiri 40 kuma yana tona asirin tsohon lagireto. Ga tsadar fetur tun bayan janye tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023.

Duk da haka, masu sha'awa ba sa rasa hujja: kyawun ƙira, daɗin ƙarar inji, da yadda motar ke manne wa kwalta a kwana.

Shawara ga mai son saye ita ce ya fara samun bakaniken da ya san injin, ya sauya bel ɗin tun a makon farko, ya kuma ajiye wata motar ta zirga-zirgar yau da kullum. Kowa ya sayi rariya, ai ya san za ta zubar da ruwa.