Daren da Muka Tuhumi Mai Gadi a Kakuri

Wani almajirinmu da ke zaune a Kakuri, ƙetaren kogin Kaduna, ya daɗe yana roƙonmu mu halarci wasan kwaikwayon da samarin unguwarsu ke yi a zauren wata makaranta. Mun yi ta noƙewa, gudun kada a ce malam ya tafi kallon wasa. Daga bisani muka ga bai dace mu yanke hukunci a kan abin da ba mu gani ba, sai muka je bayan sallar lisha.

Labarin wasan na waɗansu tsofaffin ma'aikatan masaƙa ne da suka haɗa adashi, ran da za a yi kwasa kuɗin ya yi ɓatan dabo. Mutanen Kakuri ba sa bukatar a yi musu bayanin irin wannan zafi, domin masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 an rufe ta a 2002, magidanta da yawa suka rasa abin yi. Nan da nan zargi ya faɗa kan mai gadi, wani talaka mai in'ina, wanda duk amsar da ya bayar sai zaure ya kece da dariya. Can sai a kashe fitila, a ji ana ƙwanƙwasa ƙofa, kowa ya yi tsit. 'Yan kallo suka riƙa ihu suna cewa a kama shi, mu ma a zuci mun riga mun ɗora masa laifin. Ashe ma'ajin ƙungiyar ne ya kwashe kuɗin, watau mutumin nan mai babbar riga wanda ya fi kowa yawan rantsuwa.

Mun fito muna jin kunyar kanmu. Shekara da shekaru muna karantar da aya ta 12 ta Suratul Hujurati, wadda ta hana yawan zato, ga shi yara sun kama mu da shi a zama ɗaya. Ɗan kasuwan da kuɗi ya ɓace masa a shago, da ma'aikacin da takarda ta salwanta a ofishinsu, kowa ya tambayi kansa: wa yake fara tuhuma? Galibi yaron shago ne ko masinja, saboda su ne ba su da mai tsaya musu.

Gyaran hali ta hanyar wasa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa, Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Zamanin Nan Namu, kuma a nan Kaduna marigayi Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, da Usman Baba Pategi, watau Samanja, wanda ya rasu a 2023, sun daɗe suna yi wa jama'a gargaɗi cikin raha. Ya kuma tabbata a Buhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta kalli wasan Habashawa a masallaci tana bayan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Amma akwai gyara. Dariyar da aka yi wa in'inar mai gadi izgili ce ga halitta, aya ta 11 ta wannan sura kuwa ta hana izgili. Haka nan tsoron da mai kallo ya shigo da saninsa daban yake da firgita Musulmi ba zato, wanda hadisin Abu Dawuda ya hana, saboda haka kada 'yan wasa su riƙa faɗo wa mutane a kujerunsu cikin duhu. A ware wurin zaman mata, kada kuma wasa ya ci lokacin salla.

Mun faɗa wa samarin haka, suka karɓa da ladabi. Allah Ya tsare mu da zaluntar mai rauni da zato, amin.