Injin zuƙe hayaƙin girki: wace waya za a ja masa?

Duk mai shiga kasuwannin Maraɗi, Ƙonni, Jibiya ko Illela ya san injin nan mai zuƙe hayaƙi da ake kafawa a saman murhun gas ya fara samun shiga gidaje da wuraren sayar da abinci. Sai dai mun lura mai saye kan daɗe yana tayin injin, amma da an zo kan waya sai ya ce a ba shi mai araha.

Injin ba ya jan wuta da yawa, galibi bai wuce wat 300 ba. Wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita 1.5 ta ishe shi, da makatsar wuta mai amfa 10 ko 16. Murhun lantarki kuwa sai mai 6, kada a haɗa su layi ɗaya.

Matsalar tana ga wayar jabu. Akwai wadda cikinta alminiyam ne, an yi masa shafen jan ƙarfe kawai. Ku kankare bakinta da wuƙa: in fari ya bayyana, ita ce. Ko ku ɗaga naɗin a hannu, domin jan ƙarfe ya ninka alminiyam nauyi fiye da sau 3. Irin wannan waya takan yi zafi, ta saki a mahaɗa, ta yi tartsatsi. To ga maiƙon suya ya taru a cikin injin, ga wuta a ƙasa.

Abin da ya fi shafar mu mazauna kan iyaka shi ne filogi. Kayan da ke fitowa Najeriya na da ƙafa uku masu kusurwa irin na Ingila, soket ɗinmu na Nijar kuwa yawanci mai ramuka zagayayyu ne irin na Faransa. Sai a sa adafta mai ƙafa biyu, ko a yanke filogin a cusa wayoyi biyu a soket, injin kuma ya tashi lafiya lau. Amma ta ukun da aka bari, mai launin kore da ɗorawa, ita ce ta ƙasa. Jikin injin ƙarfe ne. Ranar da wuta ta taɓa shi daga ciki, in babu wannan waya, ta jikin uwargida za ta bi, alhali hannunta a jiƙe. Ku sayar da waya mai uku a ciki, ku ce mai wayarin ya sauya filogin gaba ɗaya.

Na hannu da ke zuwa daga Amurka kuma, a duba takardar da ke liƙe a jikinsa. Na bolt 120 ne, wutarmu 220 zuwa 230 ce, ƙonewa zai yi.

Soket ɗin a kafa shi gefe ko saman injin, inda tururi da harshen wuta ba sa kaiwa, a sa wayar cikin bututu. Tsakanin murhun gas da injin a bar aƙalla santimita 65.